Wankan da Yayan Mijina Ya Yi wa Ordinatar Tawa

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta ƙananan yara nan cikin Gaya, ina da wata tsohuwar ordinatar a gida, wadda 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke ce wa kwamfuta. Irin mai akwatin nan ce ta bisa tebur, kwance na saye ta, wato ta hannu, cikin kayan da ke shigowa daga Kwatano. Da ita nake buga jarrabawar yara da takardun aji, kuma a duk layinmu ni kaɗai ke da irinta. Abin da ya jawo mini ke nan.

Kun san halinmu, in mutum ya kawo maka ajiya ba ka cewa a'a. A da zobe ake kawowa, ko turmin zane, ko buhun gero. Da wayoyi suka yi yawa sai ajiya ta koma ɗan katin waya. Mace wayarta za ta cika, ta ciro katin, ta ƙulle shi a bakin zane, ta yi sallama ta ce Madam a zuba mini wurinki, wurinki ya fi tsaro. Bikin ɗiya, sunan jika, walimar sauka, wa'azi, waƙoƙin Zabarmanci da na Dandanci, ba abin da ba a zuba mini ba. Kowace sai in buɗe mata dosiye, wato jakar ajiya a cikin na'urar, da sunanta. Zubawa kowa ya iya, amma ban taɓa ganin wadda ta dawo ta ce a ba ta kayanta ta rage mini nauyi ba.

Na'urar ta yi nauyi har abin ya zama abin dariya a gidan. In na kunna ta da safe sai in ɗora ruwan koko, in yi wa yara wanka, in dawo in tarar tana nan tana tunani. Fankar cikinta kuwa ƙara take kamar injin niƙa. Wani abokin aikina da ke koyar da lissafi shi ya nuna mini yadda ake kula da ita: in riƙa zubar da abin da ke cikin kwandon shararta, in cire shirye-shiryen da ba na amfani da su, in hana waɗanda ke tashi da kansu duk sa'ad da aka kunna ta, kuma kada in buɗe katin kowa sai na bincika shi, don rabin katunan nan da cuta suke zuwa. Har akwatin na koyi kwancewa ina share dattin fankar da tsohon burushin haƙori. Duk na yi, ta ɗan ji sauƙi, amma ya gaya mini gaskiya cewa cikinta ne ya cika maƙil, maganin kuwa shi ne in sayi diski na waje in kwashe kayan mutane a ciki. Na sa a raina in babban hutu ya zo zan tsallaka gada zuwa Malanbil in sayo.

Cikin duk masu ajiyar nan, mutum ɗaya ce ke zuwa duba nata. Wata dattijuwa ce maƙwabciyarmu, mai sayar da bandar kifi, mutuniyar bakin kogi, Hausarta ta kasuwa ce mai gauraye da Dandanci. Inna nake ce mata, ita kuma ɗiyata take ce mini. Ɗanta namiji tilo matuƙin kwale-kwale ne, yana tsallakar da mutane da kaya. Wata damina da ruwa ya cika, kwale-kwalen ya kife da shi, sai gawarsa aka samu can ƙasa. Ranar ya bar wayarsa a gida tana caji. Bayan an share makoki ta kawo mini katin, na kwashe mata duk abin da ke ciki: hotunansa a cikin jirgi, hotunansa na sallah, da saƙonnin murya da yake aika mata ta wayar maƙwabta, irin su "Inna, na iso, kada ki jira ni da tuwo". Ba a daɗe ba aka zare mata wayar da katin duka a cikin cunkoson kasuwa. Daga ranar, duk abin da ya rage na fuskar yaron nan da muryarsa a duniya yana cikin akwatin da ke bisa teburina.

Duk Juma'a bayan la'asar take zuwa, da ɗan kifi ƙunshe a takarda. Sai ta zauna kan tabarma ta jira na'urar ta gama tunaninta, ba ta taɓa ƙosawa ba. Mu bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, mu saurari saƙonnin, ta share fuska da gefen mayafi, ta ce to ta gaishe shi, ta tafi. Akwai 'yan bidiyoyi a dosiyen, amma ba ma buɗe su, don da an taɓa bidiyo na'urar ke sandarewa.

Ana haka mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya a garin Bana, na tafi jinya na 'yan kwanaki. A bayana yayan mijina ya zo daga Zabori ya sauka a gidanmu. Bari in gaya muku ko wane ne shi. Mutum ne mai kirki, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma ba abin da bai iya ba a bakinsa. Ya taɓa zama a wani shagon intanet a Yamai, ko aiki yake yi ko gadi ba wanda ya sani, tun daga nan ya zama injiniya. Shi ya gyara mana rediyo ta daina kama kowace tasha sai ɗaya. Kuma yayan miji ne, wato suruki. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in zan gaishe shi sai na durƙusa. Da ƙanin miji ne, da tuni na ja masa kunne cikin wasa, amma yaya ba a yi masa haka.

Na dawo da yamma a gajiye, ko mayafi ban cire ba, na tarar da shi a falo zaune kan kujerata, gaban teburina, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai jiki, sannan ya nuna na'urar da haɓa.

"Madam, kunna ki gani."

Na danna. Kafin in ɗauke yatsana ta buɗe. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan ɗan lokacin har daɗi na ji, na ce a raina ashe yau gyaran Yaya ya yi rana. Sai na lura fuskar na'urar wayam take. Hoton yarana da ke bango ya tafi, an sa wani ƙaton ɗan kokowa da layu har wuya. Na nemi dosiyoyin mutane ban gani ba. Na nemi takardun ajina ban gani ba. Na tambaye shi, kaina a sunkuye, ina kayan da ke ciki.

"Wanga tarkace? Na wanke ta tas. Formate ni yi mata, na zuba sabon tsari. Ku mata ba ku san na'ura ba ta son kaya ba."

Ya ci gaba da bayani, wai a Yamai haka ake yi, in na'ura ta yi nauyi ba a tsayawa wasa da kwandon shara, shafe ta ake yi gaba ɗaya. Wai ma don kada in same ta fanko ya zuba mini finafinai da kokowa masu kyau daga kile ɗinsa, wato ɗan abin nan da ake soka wa na'ura a kwashi kaya. Maigidana yana tsaye bakin ƙofa, ya ga yadda fuskata ta canza, maimakon ya ce wani abu mai amfani sai cewa ya yi ai sai in yi wa Yaya godiya, yini guda ya ɓata a kanta.

Kuma na yi. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin zuciyata na tafasa. Na durƙusa a gaban mutumin da ya shafe amanar unguwa guda, na ce na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Ya ce ba komai, ai yi wa kai ne.

A ɗaka maigidana ya sha abin da Yaya bai sha ba. Da murya ƙasa-ƙasa na yi faɗan, don kada baƙo ya ji, kuma faɗan raɗa ya fi cin rai, ba ya fitar da komai daga ƙirji. Na tambaye shi wa ya ba wani izinin taɓa kayan aikina. Ya ce Yaya cewa ya yi zai duba kawai, kuma ta yaya zai hana yayansa abu a gidansa. Na ce to shi Yayan in ya tarar da rumbun wani ya cika, wuta yake sa masa don a sami wuri? Ya ce in rage murya. Na ce ka manta abin Inna na ciki? Nan ya zauna bakin gado.

Washegari na ɗora akwatin a cinya bisa kabu-kabu na kai wa abokin aikina. Tambayarsa ta farko ita ce ko an zuba wani abu bayan shafewar. Na ce an zuba sabon tsari, an zuba finafinai da kokowa. Ya dafe kai. Ya ce da a ce shafewa kawai aka yi aka bar ta, da akwai dabara, don kayan suna nan kwance ba su tafi ba tukuna, amma yanzu sabon kaya ya hau kan tsohon. Duk da haka ya gwada, ya bar ta tana lalube har washegari. Abin da ya fito ban tausayi: guntayen waƙoƙi, hotunan biki rabi hoto rabi toka-toka, takardun jarrabawa da haruffa suka cakuɗe. Daga dosiyen Inna hoto ɗaya ya dawo, shi ma rabinsa na ƙasa. Gefen kwale-kwale, filafili, da ƙafafun yaron cikin silifa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Matan da suka shekara ba su tambayi ajiyarsu ba, ranar kowace ta tuna bidiyon sunan ɗanta shi ne abu mafi daraja a rayuwarta. Suka yi ta sallama suna jajanta wa kansu a tsakar gidana. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ba wadda ta ambaci Yaya. Shi babba ne, kuma taimako ya yi niyya. Ni aka ba amana, don haka ni ce na yi sakaci. Wata har cewa ta yi ita dama tun farko hankalinta bai kwanta ba, ita da ta kawo mini kati sau ba adadi. Na haɗiye, na ba su haƙuri. Duk ba su nake tsoro ba, Juma'a nake tsoro.

Ta zo kamar kullum, da ƙunshin kifinta. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida maimakon falo, ta dube ni, ta gane da magana. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na gaya mata.

"Duka, ɗiyata?"

"Duka, Inna."

Na nuna mata rabin hoton da abokin aikina ya buga mini a takarda. Ta daɗe tana kallon ƙafafun nan, ta ce silifan ita ta saya masa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe takardar ta sa a bakin zane, ta ce, "To, yau ya tahi ke nan." Ta miƙe, ta bar mini kifin a kan tabarma. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar ban iya cin abinci ba, kuma ni na kai wa Yaya nasa har falo, da ruwan wanke hannu.

Yaya bai tafi ba, ai ya sami wurin kallo. Kullum bayan la'asar shi da abokan maigidana suna falo, sun ƙure murya suna kallon kokowa a na'urar da yanzu ke gudu ba gargada. Ni kuma ina sake buga jarrabawar yara daga farko, sai in sun tashi.

Juma'ar da ta biyo ban zaci Inna za ta zo ba, sai ga ta. Ta ce ƙafarta ce ta saba, ta zo mu gaisa kawai. Muna zaune tsakar gida ina tsince shinkafa, ihun kokowa na fitowa ta tagar falo, sai na ga ta tsaya da magana a tsakiyar zance. Ta karkata kai. Ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba, ta nufi falo, ta kutsa cikin maza ba ko sallama, matar da ko zaure ba ta ratsawa in da namiji a zaune. Na yar da tire na bi ta.

"Ku maido shi baya," ta ce. "Wanga da ya wuce."

Maigidana ya mayar. Kokowar unguwa ce, irin wadda samari ke yi bayan girbi, an ɗauka da waya, hoton na ta girgiza. Ba a ganin mai ɗaukar, amma muryarsa ta fi ta kowa kusa. Yana zuga ɗan kokowarsa da Dandanci, yana dariya har hoton na kallon ƙasa, yana rantsuwa yau sai an kai wancan ƙato ƙasa. Can wajen ƙarshe wani ya ce masa ya tsaya a ga na gaba, ya amsa cewa a'a, tsohuwarsa na jiransa ya kai mata itacen banda. Sai hoton ya yanke.

Ɗanta ne. Ɗaya daga cikin bidiyoyin nan ne da ba mu taɓa iya buɗewa ba. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, a nan ta yi kukan da ba ta yi ba waccan Juma'ar. Mazan duk suka sunkuyar da kai.

Ina tsaye ina hawaye, sai wani tunani ya faɗo mini, hawayen ya ƙafe. Yaya aka yi bidiyon nan ya tsira? Amsar ɗaya ce. Kafin ya shafe na'urar, Yaya ya bi dosiyoyin mutane ɗaya bayan ɗaya yana zaɓen abin da ya yi masa. Ya buɗe na Inna. Ya ga hotunan yaro a cikin jirgi, ya ga saƙonnin murya jere, ya tsallake su, ya ɗauki kokowa ya sa a kile ɗinsa, ya shafe saura. Ba rashin wuri ne ya hana shi ba, kile ɗin cike yake da finafinai.

Kafin in gama haɗa wannan a kaina, sai na ji muryar Yaya.

"Kun gani ko? Da ban kwashe wanga ba, da shi ma ya tahi. Kuma da ban wanke ta ba, ina za ta iya buɗe shi?"

Inna, baiwar Allah, ta juya ta durƙusa masa, tana sa masa albarka da Hausa da Dandanci. Ya karɓa hannu bibbiyu. Maigidana ya waigo ya dube ni, irin kallon nan na ke ma ki yi. A nan ne na kasa. Na tako har gaban kujera, na ɗaga kai na dubi Yaya cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ni gidan, na miƙa hannu.

"Yaya, ba ni kile ɗin."

Ya dubi ƙanensa, ƙanensa ya dubi silin. Ya laluba aljihu ya miƙo mini. Ban ce na gode ba. A yammacin na kwafi bidiyon a wayata da wayar maigidana, washegari ban jira wani hutu ba na tsallaka gada na sayo diskin. Da na mayar masa da kile ɗinsa, a kan tire na aika masa tare da shayi.

Labarin ya kai Zabori kafin shi ya kai. Har yau a dangin mijina ni ce matar da ta kalli Yaya cikin ido, kuma an yi zaman ba ni shawara a kan kunya. Na saurara, na ce Allah ya huci zuciyar manya. Ba wanda ya yi zaman ba shi shawara a kan kayan mutane.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi da kyau. Na'ura tana son shara kamar yadda ɗaki ke so, kaɗan-kaɗan kuma a kai a kai, kuma wanda ya san abin da ke cikin ɗakin shi ke share shi. Yanzu duk ƙarshen wata nake zubar da kwandon, in cire abin da ba na buƙata, in share fanka. Ajiya har gobe ina karɓa, don ba zan iya canza garinmu ba, amma a diski na waje take zama, kuma abin da na san ba shi da na biyu sai na ajiye shi wuri biyu. Na sa wa na'urar lambar sirri, ko maigidana bai sani ba, kuma bai taɓa tambaya ba, ya san dalili. In mutum ya ce mini zai duba kawai, sai in ce Allah ya saka, lafiyarta ƙalau.

Mutane kan ce ai abin ya zo da sauƙi tunda an sami muryar, in bar shi ya wuce. Na yafe, don zumunci ya fi ƙarfina, amma haushin bai tafi ba. Duk taron suna ko na aure sai Yaya ya ba da labarin yadda ya ceto wa wata tsohuwa muryar ɗanta, ni kuwa da ya fara sai in tashi in duba tukunya.

Inna ta ci gaba da zuwa duk Juma'a da ƙunshin kifinta. Ta haddace kokowar nan kaf, ta san inda zai yi dariya, tana riga shi murmushi. Ba ta kallon hoton, kunne take juyawa wajen na'urar, tunda ba fuskarsa a ciki. Wata Juma'a bayan bidiyon ya yanke, sai ta taɓa goshinta ta ce mini, ɗiyata, ke da kika ga hotunan nan da yawa, tabon da ke goshinsa, dama yake ko hagu?

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tarar ni ma na manta.